Ana gane mace ko namiji daga labarin da suka rubuta?

Wata matashiyar marubuciya ta aiko da wannan tambaya: "Ina kan littafina na biyu, kuma babban tauraron namiji ne. Na ba wani ya duba mini, sai ya ce mazan da ke ciki duk maganar mata suke yi, wai tun a shafin farko ya gane mace ce ta rubuta. Shin kasancewar mutum mace ko namiji shi ke yanke irin labarin da zai iya rubutawa? In haƙura in koma rubuta mata kawai?"

Ƙanwata, kada ki haƙura. Amma kada kuma ki watsar da maganar mutumin nan gaba ɗaya, domin akwai ƙamshin gaskiya a cikinta, sai dai ya ɗora ta inda ba nan ne mazauninta ba. Na daɗe ina duba rubutun mutane kafin ya tafi maɗaba'a, kuma abin da na fahimta shi ne jinsi yana shiga labari ƙwarai da gaske, kuma ƙofar da yake bi ita ce ta ɗakunan da aka bar marubuci ya shiga a rayuwarsa: me ya gani, wace hira aka yi a gabansa ba tare da an rage murya ba, me kuma zai iya faɗa a takarda ba tare da ya jawo wa kansa magana ba.

Bari in fara da iƙirarin cewa daga shafin farko ake ganewa. Manyan mutane sun sha yin wannan iƙirari, wasu sun dace, wasu sun sha kunya. A 1858 Charles Dickens ya karanta gajerun labaran wani sabon marubuci mai suna George Eliot, ya rubuta masa wasiƙar yabo, ya kuma ce zuciyarsa tana raya masa cewa mace ce ke bayan wannan suna. Ya canka daidai, sunanta Mary Ann Evans. To amma a 1975 Robert Silverberg, wanda ya goge a ƙagaggun labaran kimiyya, ya rubuta gabatarwa ga tarin labaran James Tiptree Jr., ya ce raɗe-raɗin da ake yi wai Tiptree mace ce ba shi da kan gado, domin akwai mazantaka a rubutun da ba ta ɓoyuwa. Ba a yi shekara biyu ba asiri ya tonu: Tiptree wata mata ce mai suna Alice Sheldon.

Wannan labari na biyu shi nake so ki riƙe. Me Silverberg ya gani da ya kira mazantaka? Ya ga marubucin da ya san bindiga da jirgin sama, ya san yadda ake magana a bariki da ofisoshin gwamnati, ya san daji. Alice Sheldon kuwa tun tana yarinya iyayenta suka yi ta tafiya da ita tsakiyar Afirka, ta yi aikin soja lokacin Yaƙin Duniya na Biyu tana nazarin hotunan da jirage ke ɗaukowa, ta yi aiki da hukumar leƙen asirin Amurka, daga baya ta yi digirin digirgir a ilimin halayyar ɗan Adam. Wato ta shiga ɗakunan da a lokacin kusan maza kaɗai ke shiga, ta fito da harshensu. Abin da mai karatu ya ɗauka jinin namiji ne, ashe sani ne da aka samo da ƙafa da kunne.

Ba ina cewa babu bambanci ko kaɗan a kalmomi ba. A 2002 Moshe Koppel da abokan aikinsa sun horar da kwamfuta da ɗaruruwan rubuce-rubucen Ingilishi, ta riƙa gane jinsin marubuci daidai a kimanin kashi 80 cikin 100. Abin da ta dogara da shi ƙananan kalmomi ne da ba wanda ke lura da su: mata sun fi yawan amfani da wakilin suna, irin su ni da kai da ita, maza kuma sun fi yawan kalmomin nuni da na adadi. Wannan gaskiya ce, amma ta taron jama'a ce. Cikin kowane rubutu biyar kwamfutar tana kuskure ɗaya, kuma ba ta faɗa mana ko littafin yana da kyau ba. Wanda ya duba miki littafi ba wakilin suna ya ƙirga ba. Wani abu ne ya tsaya masa a wuya, zan zo kansa.

Binciken da ya fi taɓa ni shi ne na Ted Underwood da David Bamman da Sabrina Lee a 2018. Sun bi ƙagaggun labaran Ingilishi sama da 100,000, suna auna yawan filin da kowane marubuci yake ba taurarinsa. Suka tarar marubuta mata suna raba fili kusan daidai tsakanin taurari maza da mata, su kuwa marubuta maza tsakanin kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku kawai suke ba mata. Ki duba abin da wannan ke nufi gare ki. Mata sun daɗe suna rubuta maza, kuma sun fi maza yin atisayen tsallakawa ɗaya ɓangaren. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Wanda rayuwarsa ta rataya a kan yanayin fuskar wani dole ya koyi karanta wannan fuska. Yarinya takan tashi ta san takun mahaifinta in ransa a ɓace yake, ta san shirun da ke nufin babu kuɗi da shirun da ke nufin an taɓa shi a waje. Wannan jari ne babba, kuma kina da shi.

Inda jinsi ya fi nuna kansa shi ne wajen zaɓen abin da ya isa a kira shi labari. Ki ɗauki Chinua Achebe da Flora Nwapa, dukansu Ibo ne, dukansu sun rubuta rayuwar karkara. A Things Fall Apart na 1958 akwai Ekwefi, wadda ta haifi 'ya'ya goma ta binne tara, kuma Achebe ya rubuta daren da ta bi boka mace cikin duhu saboda 'yarta ɗaya tilo da tausayin da har yau yake sa ni ajiyar zuciya. Ya gan ta, ba a ce bai gan ta ba. Amma a gefen labarin take, tsakiya ta mijinta Okonkwo ce da faɗuwar duniyarsa. Da Nwapa ta fitar da Efuru a 1966 sai ta ɗauko abin da ke gefe ta dasa shi a tsakiya: mace 'yar kasuwa mai arziki da farin jini, wadda aure biyu bai zauna mata ba, 'yarta ɗaya kuma ta rasu. Mafi yawan littafin a bakin mata yake tafiya, hira ce da tsegumi da jaje da shawara. Wasu masu sharhi na lokacin sun raina shi saboda haka, suna ganin ba abin da ke faruwa a ciki. Alhali a wannan hira ake yanke wa mace hukunci, a nan ake ɗaga ta, a nan ake kashe ta da ranta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Virginia Woolf ta riga ta hango wannan tun 1929, inda ta lura cewa masu sharhi suna kiran littafi muhimmi idan yaƙi yake bayani, su kira shi ƙarami idan abin da ke zuciyar mata a cikin falo yake bayani. Har gobe wannan ma'auni yana aiki a kan editoci da alƙalan gasa, maza da mata, sau da yawa ba tare da sun sani ba.

Jinsi yana taɓa har zubin labari. Mariama Bâ ta Senegal ta rubuta littafinta na 1979 a matsayin doguwar wasiƙa daga Ramatoulaye zuwa ƙawarta, kuma Ramatoulaye tana cikin takaba take rubutawa. Mace ce da aka zaunar wuri ɗaya wata huɗu da kwana goma, ba ta da inda za ta kai maganarta sai takarda, ba ta da wanda za ta buɗe wa ciki sai wata mace. Halin da take ciki shi ya haifi siffar littafin. Haka Jane Austen, wadda ta rayu a zamanin yaƙe-yaƙen Napoleon, 'yan'uwanta biyu kuma hafsoshin sojan ruwa ne, amma ba ta kai mai karatu fagen fama ba, kuma da wuya ki samu wurin da ta bar maza su kaɗai suna hira babu mace a ɗakin. Ta tsaya inda kunnenta ya kai. Wannan zaɓi ne mai mutunci, kuma ya fitar da littattafai shida da ake karantawa fiye da shekara 200. Sai dai zaɓi ne, kuma George Eliot da ta zo bayanta ta zaɓi akasinsa, ta rubuta likita da malamin coci da ma'aikacin banki daga cikin ƙoƙon kansu.

Akwai kuma farashin magana, wanda ba a cika faɗa wa sababbin marubuta ba. Idan namiji ya rubuta mazinaci ko ɓarawo, akan ce ya iya ƙirƙira. Idan mace ta rubuta macen da ta gaji da aurenta, sai a fara leƙen gidanta. Wannan tsoro yana shiga alƙalami tun kafin a rubuta kalmar farko, ya sa marubuciya ta tausasa abin da ya kamata ya yi kaifi, ta sa tauraruwarta ta tuba a babin ƙarshe ko da labarin bai nemi haka ba. Buchi Emecheta ta ba da labarin yadda mijinta ya ƙona rubutun littafinta na farko, ta kuma ci gaba da rubutu a Landan tana renon 'ya'ya biyar ita kaɗai. Sunayen aro ma daga nan suka samo asali. 'Yan gidan Brontë su uku sun fitar da ƙagaggun labaransu a 1847 da sunayen Currer da Ellis da Acton Bell don kada a auna su da mudun mata. Abin yana juyawa ta ɗaya gefen ma: Mohammed Moulessehoul, hafsan sojan Aljeriya, ya ɗauki sunayen matarsa, Yasmina Khadra, don ya kauce wa takunkumin soja, bai bayyana kansa ba sai 2001. A Japan kuwa, wajen shekara ta 935, lokacin da manyan maza ke rubuta littafin tarihin kwanakinsu da Sinanci, Ki no Tsurayuki ya rubuta nasa da muryar mace don ya samu damar amfani da rubutun gida, ya kuma yi kukan ɗiyar da ta rasu yadda ransa ke so. Namiji ne da ya ari bakin mace saboda nasa an hana shi kuka.

Kin tambayi mace da namiji, amma tunda maganar jinsi ake yi, akwai marubutan da yadda suke jin kansu a ciki bai zo daidai da yadda aka kira su ranar haihuwa ba, kuma hakan yana fitowa a aikinsu fili. Akwaeke Emezi, haifaffen Najeriya, ba sa kiran kansu mace ko namiji, kuma littafinsu Freshwater na 2018 wani ɓangarensa da muryar "mu" aka ba da shi, muryar ruhohi da yawa a jiki ɗaya, bisa fahimtar Ibo game da ogbanje, wato ruhin da ake haifa ya mutu ya sake dawowa. Ko me mutum yake gani game da wannan al'amari, a matsayin mai nazarin adabi dole ya lura cewa wanda ya rayu yana jin sunan da ake kiransa bai zauna masa ba, yakan zo da tambayoyin da sauranmu ba mu taɓa yi wa mai ba da labari ba: wane ne "ni" ɗin da ke magana, kuma mutum nawa ne a cikinsa?

Kin ga ma sai da na koma jam'i kafin in iya rubuta sakin layin da ya wuce, kuma wannan ya kawo ni kan abin da ya shafi harshen da muke rubutu da shi. Hausa ba ta barin jinsi ya ɓuya. Ingilishi yana bambanta mace da namiji a mutum na uku kawai, mu kuwa har wanda ake magana da shi sai mun ce kai ko ke, ka zo ko kin zo, naka ko naki. In ban da jam'i, wuri ɗaya ne aka bar mana a buɗe, wato mutum na farko: na tafi, ina gani, zan dawo. Tun da na fara wannan amsa ban faɗa miki ko ni mace ce ko namiji ba, kuma na tabbata kin riga kin zaɓa mini ɗaya a ranki. Ki tambayi kanki da me kika zaɓa. Wannan shi ne abin da mai karatu yake yi wa kowane littafi, yana ɗora fuska a kan murya, sannan ya ce muryar ce ta nuna masa fuskar. Mutumin da ya duba miki littafi ya san ke ce kika rubuta tun kafin ya buɗe shafin farko.

Ursula Le Guin ta yi karo da wannan bango a 1969, da ta ƙirƙiro duniyar da mutanenta ba maza ba ne ba mata ba sai 'yan kwanaki a wata. Ta kira su duka da wakilin sunan namiji, ta kuma nuna su a matsayin masu mulki da masu jan kaya a kan ƙanƙara. Bayan shekaru ta fito ta amsa cewa ta yi kuskure, domin ba ta nuna su suna reno ba, sai masu karatu suka gan su maza zalla. Mace ce, mai kishin mata, amma littattafan da ta tashi tana karantawa sun riga sun koya wa hannunta cewa tauraro namiji ne. Wato abin da marubuci ya karanta yana iya rinjayar abin da shi kansa yake.

Yanzu ga littafinki. Ban gan shi ba, amma na ga irinsa da yawa, kuma idan aka ce mazan marubuciya suna maganar mata, galibi ɗayan abu biyu ne. Na farko, tauraron yana fassara zuciyarsa da cikakkun jimloli: ya zauna ya ce yana jin tsoro, ya ce abin ya yi masa ciwo, ya kawo dalili. Akwai mazan da ke yin haka, amma da yawa an tarbiyyantar da su tun suna yara cewa wannan fallasa kai ne. Tsoron yana nan, sai dai yakan fito a wata kama: faɗa a kan ƙaramin abu, tsokana, yawan aiki, gyaran abin da bai lalace ba, ko tashi a bar ɗakin. Aboki biyu suna iya kwana suna gardamar ƙwallo alhali maganar da suke yi ita ce ɗayansu ya rasa aiki. Ki bar mai karatu ya ji abin da ke ƙarƙashin hirar, kada ki sa a bakinsu.

Na biyu ya fi zurfi. Sau da yawa namijin da ke littafin mace ba mutum ba ne, amsa ce ga buƙatar tauraruwa: ko dai mijin mafarki wanda ba shi da aiki sai tunaninta, ko azzalumin da ba shi da aiki sai cutar da ita. Wannan ita ce cutar da marubuta maza suka daɗe suna fama da ita ta ɗaya gefen, inda mace takan shigo labari a siffanta ta daga gashi zuwa dunduniya, ta tsaya gaban madubi tana kallon jikinta da idon namiji, ba ta da bashi, ba ta da ciwon kai, ba ta da ƙawa. Maganin duka biyun ɗaya ne. Ki tambayi kanki me tauraronki yake so a ranar da babu mace ko ɗaya a tunaninsa. Wa yake jin kunyar ya gan shi ya gaza? Idon wane namiji yake tsoro, na mahaifinsa, na wansa, ko na abokin da ya fi shi samu? Yawancin abin da maza ke yi a gaban mata, saboda wasu mazan suke yin sa, kuma wannan shi ne ɗakin da mata ba su cika shiga ba.

Ana iya shiga ɗakin da ba naka ba, in ka yarda ka yi shiru ka saurara. A littafin Tolstoy mai suna Anna Karenina akwai wurin da Dolly take cikin keken doki ita kaɗai da tunaninta, tana lissafin shekarun aurenta: ciki bayan ciki, laulayi, ciwon shayarwa, yaron da ta binne, da tsoron yadda za a yi a ilimantar da sauran. Mata da yawa sun karanta wurin sun yi mamakin yadda namiji ya san haka. Tolstoy ya zauna da matar da ta haifa masa 'ya'ya 13, wadda kuma take kwafe rubutunsa da hannunta. Ba a komai ya kyauta mata ba, amma a wannan shafi ya saurare ta.

Kada kuma ki ɗora wa jinsi komai. Tazarar da ke tsakaninki da dattijuwar da ba ta taɓa shiga aji ba tana iya fin wadda ke tsakaninki da ƙaninki da kuka tashi ɗaki ɗaya. Shekaru da wadata da imani da ilimi duk suna rufe ƙofofi suna buɗe wasu, kuma "namiji" ba mutum ɗaya ba ne da za a koyi muryarsa a gama. Naki tauraron kaɗai za ki koya.

Ki koma wurin mutumin nan da littafin a hannu, ki roƙe shi ya ja layi a daidai jimlar da ya daina yarda da tauraron. In ya nuna miki wurare uku ko huɗu, ya yi miki aikin edita, ki gode masa ki gyara. In ya kasa nuna ko ɗaya, to sunanki da ke bangon ya karanta. Sannan ki cire sunan, ki ba wasu maza biyu da shekarunsu suka bambanta babi ɗaya, wanda maza ne kaɗai a cikinsa, ki yi musu wannan tambayar.